Idan ƴar rahoto ta yi shiru: abin da ya kamata ƴan kasuwa su sani kan na'urori masu aiki da pus

Sanin kowa ne cewa tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara sayar da layin salula a birnin Yamai, harkar saye da sayarwa ta canza kama a ƙasar nan. Mai sayo albasa ba sai ya hau mota zuwa Galmi ba kafin ya ji farashi, mai kifi kuwa tana zaune a rumfarta take sanin ko kaya sun iso. To amma a yau pus ya wuce cikin salula kaɗai. Akwai shi a cikin ƴar kwalin da ake ɓoyewa a jikin babbar mota ko babur domin a san inda suke, akwai shi a jikin ma'aunin da ke lura da sanyin ɗakin ajiyar kifi da kaji, akwai shi kuma a bakin injin ban ruwa na masu lambu. Waɗannan ƙananan na'urori aikinsu guda ne: su auna wani abu, zafi ne ko sanyi, tsayin ruwa ne ko wurin da mota take, sannan su aiko wa mai dukiya labari ta hanyar rezo. Saboda haka a cikin wannan rubutu za mu riƙa kiran kowacce daga cikinsu ƴar rahoto.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, ɗan kasuwa yakan kashe kuɗi ya sayi na'urar, a ɗaura masa ita, ya saki jiki da cewa ya samu mai gadi. Sai ranar da kifin miliyoyin sefa ya ruɓe, ko aka nemi babur aka rasa, sannan a gane cewa mai gadin ya yi makonni da mutuwa ba wanda ya lura. Salula idan ta rasa rezo mai ita zai gani nan take, ya ɗaga ta sama ko ya fita waje. Ƴar rahoto ba ta da bakin kai ƙara. Idan ta samu matsala shiru kawai take yi, mu kuma mun saba ɗaukar shiru a matsayin lafiya lau.

Ba baƙon abu ba ne a Yamai

Kafin mu shiga batun gyara, yana da kyau mai karatu ya san cewa wannan fasaha ta daɗe da samun gindin zama a ƙasarmu, har ma ɗan ƙasa ya yi suna da ita a duniya. Malam Abdou Maman Kané, wanda ya kafa kamfanin Tech-Innov a Yamai, shi ne ya ƙirƙiro tsarin Télé-Irrigation, inda mai lambu ke kunna injin ban ruwa ko ya kashe shi da salularsa, ko da yana kasuwa yana sayar da salad da tumatir. Wannan aiki ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu ƙirƙira a Afirka a 2011, sannan a 2015 ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Daegu na Koriya ta Kudu.

A fannin ruwan famfo ma Yamai ce aka fara gwada kontar mai kuɗin hannu ta kamfanin CityTaps na Faransa, tun daga 2016, tare da kamfanin SEEN wanda ke riƙe da rabon ruwa a lokacin, kafin Nigérienne des Eaux ta gaje shi a farkon 2024. Magidanci na biyan abin da ya sawwaƙa ta salula, kontar ta buɗe ruwa, in kuɗin ya ƙare ta rufe da kanta. Ita wannan kontar ba ta ɗauke da pus. Da wata ƴar rediyo mai cin wuta kaɗan da ake kira LoRa take magana da akwati guda da aka ɗora a wuri mai tsayi a unguwa, shi kuma akwatin ya miƙa saƙonnin gidaje da yawa gaba ta intanet.

Haka kuma a kan kogin Sirba, wanda ke zuba a cikin kogin Isa kafin a iso Yamai, an kafa ma'aunai biyu masu aiki da kansu a Garbey Kourou da Bossey Bangou a 2018, da taimakon ƙasar Italiya, domin su riƙa aiko da tsayin ruwa ta rezon salula. Duk wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2020, lokacin da ruwan kogi ya kai wajen mita 7 a Yamai alhali alamar haɗari tana kan santimita 620, har ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga, ya san darajar labarin da ya iso da wuri. Hatta na'urorin buga faktir da ma'aikatar haraji ta DGI ta wajabta wa wasu ƴan kasuwa tun 2021, da rezo suke isar da lissafinsu.

Sai dai kada a haɗa su da kontar kuran ta Nigelec da ake danna wa lambobi 20 bayan an sayi wuta. Akasarin irin wannan ba ta buƙatar rezo, domin lissafin yana cikin lambobin da aka danna. Wajen sayen lambar ne kawai rezo ke shigowa.

Yadda saƙo ke tafiya

Saƙon ƴar rahoto yana bin matakai huɗu kafin ya iso hannunka, kamar yadda buhun barkono ke bi ta hannun manomi, da dillali, da direba, kafin ya iso ga mai awo. Da farko na'urar ta auna abin da aka sa ta aunawa. Na biyu ta farka ta nemi turken rezo mafi kusa, ta gabatar da kanta da pus ɗinta. Na uku kamfanin salula ya ɗauki saƙon ya kai shi ga wata babbar kwamfuta mai tara saƙonni, wadda sau da yawa tana Sin ko Turai. Na huɗu ita kwamfutar ta turo labarin cikin salularka. Ko'ina a cikin matakan nan igiya na iya tsinkewa, kuma mai dukiya abu guda zai gani, wato babu labari.

Domin batir ya daɗe, yawancin lokacinta ƴar rahoto barci take yi. Takan farka bayan ƴan mintoci ko bayan awa guda, ta yi magana ta daƙiƙu kaɗan, ta koma. A cikin barci kusan ba ta cin komai, amma a lokacin da take magana da turke, na'ura mai aiki da 2G tana iya fizgar wuta har ampa 2 a lokaci guda. Kuma duk yadda rezo ya yi rauni, haka take ƙara ɗaga murya, kamar mai talla da ke kiran wanda ya yi nisa. Wannan ne ya sa na'urori biyu iri ɗaya, da aka saya rana ɗaya, batirin guda zai yi watanni, na ɗayar kuwa ya mutu cikin ƴan makonni. Bambancin yana ga wurin da aka ajiye su.

Saƙon nata kuma ɗan ƙarami ne ƙwarai. Abin da ma'aunin sanyi ke aikawa a wata guda sau da yawa bai kai bidiyo ɗaya na WhatsApp ba. Don haka ba ta buƙatar forfe mai tsada. Abin da take buƙata shi ne forfen da ba ya yankewa.

A sa ta gaisuwar safe

Mafi yawan masu ɗaurawa suna saita na'ura ta yi magana ne kawai idan wani abu ya ɓaci, misali in sanyi ya ragu ko mota ta fita daga hanya. Nan ne haɗarin yake, domin na'urar da ta mutu da wadda ke ganin komai daidai duk shiru suke yi. Shawararmu ita ce, ranar da za a ɗaura, a ce wa mai ɗaurawa ya saita ta ta riƙa aiko da saƙo guda kowace safiya a lokaci sananne, ko da babu abin da ya faru, saƙon kuma ya ƙunshi ƙarfin batir da ƙarfin rezo. Ranar da gaisuwar safe ba ta zo ba, a tashi a duba a ranar, kada a bari sai gobe.

Mai amfani da manhaja a salula kuma ya koyi duba lokacin saƙon ƙarshe. Hajiya na iya buɗe salula ta ga an rubuta cewa ɗakin sanyi yana kan digiri 18 ƙasa da sifiri, hankalinta ya kwanta, alhali wannan awon na shekaranjiya ne. Alhaji na iya ganin motarsa a taswira tana tsaye a Tera, alhali nan ne kawai ta yi magana ta ƙarshe. A kodayaushe a fara duba kwanan wata da awa, sannan a dubi lambar.

Idan shiru ya tabbata, akwai tsarin bincike. A fara da abin da ya fi araha kuma ya fi yawan faruwa, a ƙare da mai tsada. Wanda ya fara da cewa na'ura ta lalace, sau da yawa yakan sayi sabuwa ya sa mata tsohuwar matsala.

A fara da pus

Gwaji mafi sauƙi shi ne a kira lambar pus ɗin da ke cikin na'urar, in dai layi ne na gama-gari. Idan ya shiga, na'urar tana da wuta kuma tana kan rezo, matsalar tana gaba. Idan aka ce ba a samun lambar, sai a cire pus ɗin a sa shi cikin salula a tsaye a daidai wannan wuri. Daga nan za a ga ko layin na raye, ko akwai kiredi, ko forfe ya ƙare, ko kuma yana buɗe intanet.

Layin da ake sa wa kiredi yana da wa'adi. Idan ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ma ya sayar wa wani lambar. Pus ɗin da ke cikin aljihu ba ya fuskantar haka saboda kullum ana amfani da shi, amma wanda ke manne a ƙarƙashin kujerar babur mantawa ake yi da shi. A ware rana guda a kowane wata, kamar ranar biyan kuɗin rumfa ko zubin adashi, a riƙa sa masa forfe. A kuma kula da saƙonnin talla da hidimomin da ke cire kuɗi kaɗan-kaɗan, domin suna iya cinye kiredin ba tare da na'urar ta aika komai ba.

Sai batun rajista. Doka ta wajabta a yi wa kowane layi rajista da takardar shaida, kuma a ƙarshen 2013 an rufe ɗimbin layukan da ba su yi ba a ƙasar nan. Kada ɗan kasuwa ya yarda a sa masa pus mai sunan yaron shago ko na mai ɗaurawa. Ranar da pus ya lalace ko aka yi saɓani, wanda sunansa ke kan layi shi kaɗai kamfani zai saurara.

Akwai wasu ƙananan abubuwa uku da ke yawan hana aiki. Na farko lambar sirri ta PIN: na'ura ba ta da yatsun danna ta, don haka sai an cire ta a cikin salula kafin a sa pus ɗin. Na biyu abin da masu gyara ke kira APN, wato sunan ƙofar da kowane kamfani ke shigar da masu intanet ta cikinta. Salula tana gano shi da kanta, amma ƴar rahoto sau da yawa sai an rubuta mata. Wanda ya cire pus na Airtel ya sa na Moov Africa, ko na Zamani Telecom, ko na Niger Telecoms, bai canza APN ba, zai ga kira na shiga amma labari ba ya zuwa. Na uku shi ne zaman pus ɗin kansa. Ƙaramin pus da aka ɗora a kan roba domin ya cika gurbi yakan goce idan mota ta sha gargada, ƙura kuma takan rufe ƙarfen da ke fuskarsa. A goge shi da ƙyalle busasshe, a mayar, a tabbatar ya zauna daram.

Batir, zafi da ƙura

Idan pus lafiya yake, sai a koma ga wuta. Batir mai rauni yana da wata yaudara: fitilar na'ura za ta kama, mai gyara ya auna ya ce akwai wuta, amma da zarar ta buɗe baki za ta yi magana da turke sai wutar ta faɗi, ta mutu ta sake tashi. Alamar wannan ita ce fitila ta yi ta ƙyaftawa, ta ɗauke, ta dawo, a haka ba iyaka. Siririyar waya mai tsawo, ko caja mai araha, su ma suna jawo haka.

Zafin Yamai kuma ba ya raga wa batir. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe ko ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa. Batirin lityom irin na salula ba a so a yi cajinsa a zafin da ya wuce digiri 45, kuma idan ya yi ta shan zafi yakan kumbura ya rage riƙe wuta. Batirin da ya kumbura a cire shi nan da nan, musamman a cikin kasuwa. Waɗanda suka ga gobarar Babbar Kasuwa a 1982 da 2009, da ta Ƙaramar Kasuwa a 2012, ba sai an yi musu dogon bayani ba. A nema wa na'ura inuwa da wurin da iska ke ratsawa, nesa da injin firigo da salansar babur.

Masu amfani da farantin hasken rana, wato pano, su tuna da hunturu. Ƙurar da ke kwanciya a kansa tana rage wutar da yake bayarwa, har batir ya kasa kai asuba. Idan na'ura tana magana da rana amma tana yin shiru tsakar dare, a fara zargin pano da batir. Gogewa sau ɗaya ko biyu a mako ta isa. A ɗakin sanyi kuwa, dole ƴar rahoto ta kasance da batirin kanta. Wadda ke shan wuta daga layi ɗaya da firigo, tare za su mutu idan kuran ya ɗauke, a daidai lokacin da aka fi buƙatar ta yi magana. A mota da babur kuma, duk lokacin da aka fito daga gareji a duba, domin makanike yakan cire waya ya manta bai mayar ba.

Ƙarfe abokin gabar rezo ne

Rumfunanmu na Katako da Wadata da Harobanda akasari kwano ne sama da gefe, wasu ma kontena ce aka mayar shago. Ƙarfe yana tare rezo kamar yadda bango ke tare iska. Ɗakin sanyi ya fi kowanne, kasancewar bangonsa ƙarfe ne ciki da waje. Daidai shi ne a shigar da tsinken awo kaɗai cikin ɗakin, a bar akwatin da eriyarsa a waje, a sama, eriyar tana tsaye, ba ta jingine da ƙarfe ba. Wani lokaci matsar da ita kamu biyu ko uku zuwa bakin taga ya isa ya raba gardama.

Na'urori da yawa suna faɗin ƙarfin rezo da lamba daga 0 zuwa 31. Abin da ya gaza 10 rauni ne, za a riƙa samun yankewa kuma batir zai sha wahala. Daga 15 zuwa sama an samu natsuwa. Idan ta nuna 99, ma'anarsa ba ta jin komai. A sa mai ɗaurawa ya nuna wannan lamba bayan an rufe ƙofar shago da murfin akwati, domin a haka na'urar za ta kwana. A kuma gwada pus na kamfani biyu ko uku a wurin, saboda kowane kamfani da inda turkensa yake. Layin da ya fi ƙarfi a gidanka na iya zama mafi rauni a ma'ajiyarka.

Masu na'urar bin sawun mota su san cewa kunnuwa biyu gare ta. Ɗaya na sauraron taurarin ɗan adam na GPS domin ta san inda take, wannan sararin sama yake buƙata, ba ruwansa da pus. Ɗayan kuma na rezo ne, da shi take faɗa maka. Idan tana amsa saƙo amma ba ta san inda take ba, an binne ta ne a ƙarƙashin ƙarfe ko motar na cikin rufaffen gareji. Idan kuma ta yi shiru gaba ɗaya, a koma ga pus da batir da rezo.

Idan matsalar daga sama take

Akwai ranakun da laifin ba na kowa ba ne a cikin shago. Turke guda yana da iyakar mutanen da zai ɗauka, don haka a jajibirin salla, ko da yamma lokacin da kasuwa ta cika, saƙo na iya makalewa. Na'ura mai kyau tana ajiye awonta ta turo daga baya. A tambayi mai sayarwa ko tasa tana yin haka.

Turakan ma wuta suke ci. Daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi, turaka da yawa sun koma dogaro da batir da injin gazuwal. Sannan ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya shafi ƙasashe da dama har da Nijar. A irin wannan rana kira da SMS na cikin gida suna iya tafiya, amma duk saƙon da sai ya je wata kwamfuta a Sin ko Turai ya dawo zai tsaya a hanya. Darasin da ke ciki shi ne a zaɓi na'urar da ke iya turo gargaɗi kai tsaye ta SMS zuwa lambar mai dukiya, ban da manhaja. Kafin a kwance komai kuma, a tambayi maƙwabcin rumfa mai layi iri ɗaya. In shi ma ba ya samu, haƙuri ne magani.

Masu manyan motoci suna da tasu. Tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa daga tashar jirgin ruwan Lome ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera. Pus na Nijar ba zai yi magana a wata ƙasa ba sai an buɗe masa damar yawo, kuma forfen gida ba lallai ya yi aiki a can ba. A watan Nuwamba na 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar sauƙaƙa kuɗin yawo tsakanin ƙasashen uku, amma duk da haka a je ofishin kamfani a tabbatar da abin da layin ke iya yi, har da ɓangaren Togo, kafin mota ta tashi. A kan hanya kuma akwai dazuzzukan da babu turke, da wuraren da rashin tsaro ya sa aka lalata su. Ya kamata mai mota da direba su san waɗannan wurare tun farko, domin kada shirun da aka saba da shi ya jawo zargi, kada kuma shirun da ba a saba da shi ba ya wuce ba a bincika ba.

Kafin a zaro kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin na'urori masu araha da ke shigowa daga Sin da Dubai 2G kaɗai suka sani. A ƙasarmu 2G yana aiki, kuma shi ya fi kaiwa ƙauyuka, amma duniya ta fara barinsa: kamfanin AT&T na Amurka ya rufe nasa a farkon 2017, Singafo ma ta rufe a watan Afrilu na 2017. Wanda zai sayi abin da yake so ya yi shekaru, gara ya nemi mai 4G da ke iya komawa 2G idan ta rasa. A kuma yi hattara da kayan da aka ƙera domin kasuwar Amurka, saboda zangon da suke magana a kai ya bambanta da namu na 900 da 1800.

Akwai kuma sababbin hanyoyi biyu da aka tsara musamman domin irin waɗannan na'urori tun 2016, NB-IoT da LTE-M, waɗanda ke sa batir ya yi shekaru kuma suna ratsa bango fiye da 2G. Sai dai na'urar da ta dogara da su kaɗai ba za ta ce uffan ba sai in kamfanin salula ya kunna wannan hidima a kan turakansa. Kada a saye ta saboda abin da aka rubuta a kwali, sai an gan ta tana aiki a Yamai da pus na gida.

A taƙaice, a nemi gwajin mako guda a wurin da za ta zauna kafin a cika kuɗi. A karɓi takardar sayayya da garanti a rubuce. A tambaya ko akwai kuɗin shekara na manhaja, domin wasu na'urori suna daina nuna labari idan shekara ta cika ba a sabunta ba. Pus da lambar sirrin manhaja su kasance a hannun mai dukiya, a kuma canza lambar da ta zo da ita daga masana'anta, tunda irin su 123456 kowa ya san su, har da ɓarawo. A rubuta lambar layin, da lambar IMEI mai lambobi 15 da ke jikin na'urar, da APN, a cikin littafin bashi inda ba za su ɓata ba.

Daga ƙarshe muna kira ga kamfanonin salula da su fito da forfe na shekara mai sauƙin kuɗi domin irin waɗannan layuka, wanda ba a turo masa talla, kuma a riƙa gargaɗin mai shi a wata lambar kafin a rufe. Muna kira ga hukumar ARCEP, wadda ta sha cin tarar kamfanoni kan rashin ingancin hidima, da ta riƙa kai ma'aunanta cikin kasuwanni, tsakiyar rumfunan kwano inda jama'a ke neman abincinsu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu kifi da kayan miya, tare da Chambre de Commerce, su ma suna iya haɗa kai su horar da matasa biyu ko uku a kowace kasuwa kan wannan bincike, a samu aikin yi, a kuma rage asara. Mu kuma masu dukiya, gobe da safe kafin a buɗe rumfa, kowa ya duba salularsa ya ga yaushe rabon da ƴar rahotonsa ta yi magana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.